Tunawa da Ɗan'uwa ta Hanyar Aikin Hannu: Nazarin Ere Ibeji na Yarbawa da Abin da Ke Madadinsa a Al'adar Hausawa

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin ere ibeji, wato ɗan ƙaramin mutum-mutumin itace da Yarbawa kan sassaƙa idan ɗaya daga cikin tagwaye ya rasu, sannan ta kwatanta shi da hanyoyin da Hausawa ke bi wajen tunawa da ɗan'uwan da ya kwanta dama. Manufar ita ce gano ainihin abin da ke riƙe da tunawar: siffar da aka sassaƙa ce, ko kuwa hidimar da ake yi mata? An tattara bayanai daga rubuce-rubucen masana al'ada da tarihin fasaha, an kuma ɗora nazarin a kan ra'in ɗorewar zumunci na Klass da Silverman da Nickman (1996). Maƙalar ta gano cewa Yarbawa sun sauya abin tunawar daga itace zuwa 'yar tsanar roba, daga nan zuwa hoto, amma ba su sauya wanka da ciyarwa da tufatarwar da ake yi masa ba. Haka kuma ta gano cewa Hausawa, waɗanda Musulunci ya hana wa sassaƙa siffar mai rai, sun zuba wannan hidimar a cikin maimaita suna da sadaka da riƙon marayu da waƙar marsiyya da aka rubuta da hannu. Maƙalar ta kammala da cewa rashin mutum-mutumi a gidan Bahaushe bai isa hujjar cewa ba shi da fasahar tunawa ba.

Muhimman Kalmomi: ere ibeji, tagwaye, sassaƙa, makoki, marsiyya, sadaka

1.0 Gabatarwa

Hausawa na cewa ɗan'uwa rabin jiki. Duk da haka, idan aka duba kalmomin da harshen ya tanadar wa waɗanda aka yi wa rasuwa, za a ga wani giɓi. Wanda ya rasa iyaye maraya ne. Matar da mijinta ya rasu mai takaba ce, kuma shari'a ta ƙayyade mata wata huɗu da kwana goma. Amma wanda ya rasa wa, ko ya, ko ƙane, ko ƙanwa, ba shi da wani suna na musamman. Yakan zauna a wajen makoki ana yi masa gaisuwa tare da sauran dangi, galibi ma shi ne mai kai-komo wajen shimfiɗa tabarmi da tarbar baƙi, bayan kwana uku kuma a watse. Baƙin cikinsa ba ya samun wani gurbi da aka keɓe masa a fili.

A maƙwabtan Hausawa na kudu, wato Yarbawa, akwai wani nau'in rashin ɗan'uwa da aka yi wa tanadi na musamman, shi ne rasuwar ɗaya daga cikin tagwaye. Akan sassaƙa wa mamacin mutum-mutumi, uwa ta riƙa yi masa hidima, idan wanda ya rayu ya girma a damƙa masa shi. Hausawa da Yarbawa sun daɗe suna cuɗanya ta hanyar fataucin goro da shanu da kuma addini. Unguwar Sabo ta Ibadan da Sabon Garin Kano shaidu ne na wannan zaman tare. Saboda haka al'adar ba baƙuwa ba ce ga idon Bahaushe, sai dai sau da yawa yakan yi mata kallo ɗaya ya kira ta gunki ya wuce. Wannan maƙala ta tsaya ta dubi abin da ke ƙarƙashin al'adar, domin a yi amfani da shi a matsayin madubin duba namu hanyoyin.

1.1 Dabarun Bincike da Farfajiyarsa

Nazarin ya dogara ne a kan ayyukan da aka wallafa da kuma bayanan kayan tarihi da ke ajiye a gidajen adana su. An bi hanyar kwatanci, inda aka ɗauki tambaya ɗaya aka yi wa al'ummu biyu: me ake yi da hannu domin ɗan'uwan da ya rasu, wa ke yi, kuma har zuwa yaushe? Maƙalar ba ta shiga fagen yanke hukuncin addini a kan al'adar Yarbawa ba. An ambaci matsayin Musulunci ne kawai a inda ya bayyana dalilin da ya sa Hausawa suka bi wata hanya daban.

2.0 Waiwaye a kan Ayyukan Magabata

Ayyuka uku ne suka zama ginshiƙi a nazarin ere ibeji. Houlberg (1973) ta bayyana siffofin sassaƙen da hidimar da ake yi musu, ta kuma lura da shigowar 'yar tsanar roba da hoto a madadin itace. Chappel (1974) ya bi tarihin al'adar, ya nuna cewa akwai zamanin da Yarbawa ke ƙyamar haihuwar tagwaye kafin su koma girmama su. Sprague (1978) ya yi nazarin masu ɗaukar hoto a garin Ila-Orangun, ya bayyana yadda ake haɗa hoton tagwaye bayan ɗaya ya rasu. Daga baya littafin Chemeche (2003) ya tattara hotunan sassaƙe masu yawa, tare da bayanin shahararren masassaƙin nan Lamidi Fakeye (1928-2009) daga ɓangaren masu sana'ar. Peek (2011) kuwa ya tattara maƙalu a kan tagwaye a al'ummun Afirka daban-daban.

A ɓangaren Hausa, Tremearne (1913) ya rubuta wasu camfe-camfe da suka shafi tagwaye, Masquelier (2001) kuma ta yi nazarin matsayinsu a tsakanin Mawri na yankin Dogondutsi a Jamhuriyar Nijar. Littattafan al'ada irin su Hausa Customs (1968) da Zaman Hausawa sun yi bayanin matakan rayuwa tun daga haihuwa har zuwa mutuwa. Boyd (1989) da Boyd da Mack (1997) sun fito da tarihin Nana Asma'u da waƙoƙinta, waɗanda marsiyyoyin 'yan'uwanta ke cikinsu. Wannan maƙala ta ɗauki zaren daga ɓangarorin biyu ta haɗa su a kan batu ɗaya, wato rashin ɗan'uwa.

2.1 Ra'in Bincike

Tun daga maƙalar Freud ta 1917, tunanin da ya yi rinjaye a ilimin halayyar ɗan'adam na Turai shi ne cewa aikin makoki shi ne mai rai ya zare zuciyarsa daga mamaci sannu a hankali har ya saki. Klass da Silverman da Nickman (1996) sun ƙalubalanci wannan. A ganinsu, mutane da yawa ba sa yanke alaƙa da mamaci, sauya mata kama suke yi, kuma wannan ba alamar rashin lafiyar zuciya ba ce. Wannan shi ne aka kira ra'in ɗorewar zumunci a nan. Ya dace da wannan nazari domin yana tambayar ta wace hanya ake ci gaba da zumuncin, da wane abu, da kuma wane aiki.

3.0 Tagwaye a Ƙasar Yarbawa

Ba a banza al'adar ta yi ƙarfi a wannan yanki ba. Binciken likita Nylander a ƙarshen shekarun 1960 da farkon na 1970 ya nuna cewa a wasu sassan yammacin Nijeriya ana samun tagwaye kimanin 45 a cikin kowace haihuwa 1000, wato wajen ninki huɗu na abin da ake samu a Turai a lokacin. Garin Igbo-Ora na Jihar Oyo ya yi suna a kan haka. Smits da Monden (2011) sun sami 27.9 cikin 1000 a Jamhuriyar Benin, adadi mafi yawa a ƙasashen da suka nazarta. A ɗaya ɓangaren kuma, tagwaye kan zo da ƙarancin nauyi, sau da yawa bakwaini. Monden da Smits (2017) sun nuna cewa a Afirka kudu da Sahara, kusan ɗaya cikin biyar na tagwaye ba ya kai shekara biyar, kimanin ninki uku na mace-macen yaran da aka haifa su kaɗai. Idan haka abin yake a wannan zamani na asibiti, to a ƙarnonin baya gidan da ya haifi biyu ya binne ɗaya ba abin mamaki ba ne.

Yarbawa na kiran wanda ya fara fitowa Taiwo, ma'ana wanda ya zo ɗanɗana duniya, na biyu kuma Kehinde, wanda ya zo daga baya. A wurinsu Kehinde ne babba, domin shi ne ya aiki Taiwo ya je ya gano masa yadda duniyar take. Wanda aka haifa bayansu Idowu ne, mai bi masa kuma Alaba. A tunanin gargajiya, tagwaye rai ɗaya ne a jiki biyu. Idan ɗaya ya tafi, rabin ran yana can, rabi yana nan, kuma ana fargabar na can zai janye na nan. Don haka ba a cika cewa ya mutu ba, sai a ce ya tafi kasuwa ko ya yi tafiya Legas. Sassaƙen shi ne mazaunin da ake yi wa wanda ya tafi domin ya zauna a gida, ya bar ɗan'uwansa ya rayu.

3.1 Matsalar Fassara

Ere na nufin siffar da aka sassaƙa, ibeji kuma haihuwar biyu. Mai fassara zuwa Hausa yana da kalmomi uku a gabansa: gunki, 'yar tsana, da mutum-mutumi. Gunki yana ɗauke da ma'anar abin bauta, kuma gaskiya ne cewa al'adar tana da alaƙa da addinin gargajiya, domin iyalai da yawa na danganta tagwaye da Shango, abin bautar tsawa. Amma matsayin sassaƙen a cikin gida matsayin ɗa ne: ana goya shi, ana yi masa wanka, ana lallashinsa. 'Yar tsana kuma abin wasan yara ce, alhali wannan ba a wasa da shi. Saboda haka maƙalar ta zaɓi mutum-mutumi da sassaƙe, domin su ne ba su yanke hukunci tun kafin a yi nazari ba.

3.2 Yadda Ake Samar da Shi

Bayan rasuwar, iyaye kan je wurin babalawo, mai duban Ifa, wanda zai nuna masu masassaƙin da ya dace. Ba a saye a kasuwa kamar muciya ko turmi. Iyaye ne ke zuwa su ba da aiki, su faɗi jinsin mamacin da irin tsagar gidansu, su kai kayan da aka nema, waɗanda suka haɗa da abinci da goro. Akan yi amfani da itacen da suke kira ire. Ranar karɓa, uwa kan je da abinci a yi walima, sannan ta goya sassaƙen a baya kamar jariri, ta nufi gida tana waƙoƙin yabon tagwaye, mutane suna ba ta kyauta a hanya. Idan tagwayen duka biyu suka rasu, biyu ake sassaƙawa.

3.3 Siffarsa

Tsawon ere ibeji bai cika wuce santimita 20 zuwa 30 ba. Abin lura na farko shi ne, ko da jariri ne ya rasu, ba a sassaƙa shi a matsayin jariri. Akan fito da shi cikakken mutum a tsaye, hannuwa a gefe, da ƙirar namiji ko ta mace da ta balaga. Kan yakan yi girma fiye da kima, da kitso ko tukku mai tsawo, domin a tunanin Yarbawa kai ne mazaunin ƙaddarar mutum. A kumatu akwai tsagar dangi. Ke nan masassaƙin bai damu da kamannin yaron ba. Abubuwa biyu ya tabbatar: jinsinsa da gidan da ya fito. Abin da aka sassaƙa shi ne matsayin mamacin a cikin zuriya, da kuma girman da bai samu ya kai ba. Salon ya bambanta daga gari zuwa gari, har masana kan iya bambance na Oyo da na Abeokuta da na Ila-Orangun, wani lokaci ma su gane hannun masassaƙi.

3.4 Hidimar da Ake Yi Masa

A nan ne nauyin al'adar yake. Masassaƙi kan gama nasa aikin a cikin 'yan kwanaki, na uwa kuwa sai ƙarshen rayuwarta. Tana yi wa sassaƙen wanka, ta shafe jikinsa da garin majigi da aka kwaɓa da mai, ta rina kansa da shuni, ko da bular wanki bayan shigowarta. Tana ɗaura masa duwatsun wuya da na ƙugu da warwaro, wani lokaci ta ɗinka masa 'yar riga da aka jera wa wuri. Tana dafa abincin da aka san tagwaye na so, musamman wake da manja, da ƙosai da rake, ta shafa masa a baki, ta raba sauran ga yaran unguwa. Ƙa'idar ita ce daidaito: abin da aka yi wa mai rai, a yi wa na itace. In an saya wa Taiwo sabon yadi, sai a yanki ƙyalle a ba Kehinde.

Wannan hidima tana barin alama a jikin itacen. Yawancin tsofaffin sassaƙen da ke gidajen tarihi fuskokinsu sun shafe, hanci da baki sun lallace sun yi sumul saboda shekaru na wanka da shafa. Masu tara kayan fasaha a Turai da Amurka na ɗaukar wannan a matsayin shaidar cewa abin na asali ne, har yana ƙara masa kuɗi. Ga mai nazarin al'ada kuwa, shafaffiyar fuskar ita ce rubutaccen tarihin aikin hannun uwa. Hannu biyu ne suka yi sassaƙen: na masassaƙi da ya fito da fuskar, da na uwa da ya shafe ta.

Idan uwa ta tsufa ko ta rasu, hidimar kan koma hannun abokin tagwaicin da ya rayu, ko wani daga cikin 'yan'uwa. Ta haka yaron da bai ma san fuskar ɗan'uwansa ba yakan tashi ya tarar da wani aiki da aka ajiye masa: ga rabon ɗan'uwanka, kai za ka riƙa ba shi. Baƙin cikin da ba shi da suna ya sami aikin yi, da lokacin yin sa, da wurin yin sa. Irin wannan al'ada tana nan a wurin Fon na Benin da Ewe na Togo da Gana, cinikin bayi kuma ya tsallakar da girmama tagwaye zuwa Birazil da Kuba da Haiti.

3.5 Daga Itace zuwa Roba da Hoto

Yaɗuwar Musulunci da Kiristanci a ƙasar Yarbawa ya sa iyalai da yawa sun ƙi sassaƙe. Sai dai buƙatar ba ta gushe ba. Houlberg ta tarar da iyaye mata suna amfani da 'yar tsanar roba ta kanti, mai launin ja ko shuɗi ko kore, suna yi mata hidimar da ake yi wa ta itace. Sprague kuma ya bayyana dabarar masu hoto a Ila-Orangun: akan ɗauki hoton wanda ya rayu, a wanke shi sau biyu a kan takarda ɗaya, sai ya fito kamar mutum biyu zaune kusa da juna. Idan tagwayen mace da namiji ne, sai a ɗauki yaron sau ɗaya da kayan maza, sau ɗaya da kayan mata, a haɗa. A wannan hoto, jikin mai rai ne ya ari mamaci siffa.

Wannan sauyi shi ne babbar hujjar maƙalar. Da a ce darajar abin tana cikin gwanintar sassaƙa ko tsarkin itace, da 'yar tsanar da inji ya buga dubbai ba ta maye gurbinsa ba. Ta maye gurbin ne domin abin da ake buƙata shi ne wurin da za a ajiye rabon mamaci, da abin da hannu zai taɓa.

4.0 Abin da Ke Madadinsa a Al'adar Hausawa

4.1 Tagwaye da Iyakar da Addini Ya Shata

Bahaushe ma bai ɗauki tagwaye a matsayin yara kamar kowa ba. Yana kiran su Hassan da Husaini, ko Hassana da Husaina, wanda ya biyo bayansu kuma Gambo, kamar yadda Yarbawa ke da Idowu. Akwai camfin cewa suna da iko a kan kunama, har Tremearne ya rubuta shi tun 1913, da kuma cewa ba a ɓata musu rai. Ƙa'idar daidaito ma tana nan: ba a yi wa ɗaya ɗinki a bar ɗaya. Tushen tunanin ke nan ya yi kama. Inda aka rabu shi ne bayan mutuwa.

Musulunci ya hana sassaƙa siffar mai rai, ya hana ɗaga kabari da yi masa gini, ya kuma taƙaita makoki ga kwana uku in ban da matar mamaci. Jagororin jihadin ƙarni na 19 sun tsananta wajen yaƙar bidi'o'in jana'iza. Saboda haka kabarin Bahaushe tudun ƙasa ne kawai, bayan 'yan damuna ya baje. Wanda ya zo neman abin tunawa irin na ido, zai ce babu komai. Amma hadisin da ya nuna cewa ayyukan mutum na yankewa da mutuwarsa sai sadaka mai gudana da ilimi mai amfani da ɗa nagari mai addu'a ya buɗe wata ƙofa, kuma ta nan Bahaushe ya bi.

4.2 Suna da Sadaka da Riƙo

Hanya ta farko ita ce mayar da suna. Wanda ya rasa ɗan'uwa yakan sa wa ɗan da ya haifa sunan mamacin. Saboda kunya da girmamawa, sau da yawa ba a kiran yaron da sunan yanka, sai a yi masa laƙabi irin su Baffa ko Kawu ko Goggo, wato a kira shi da matsayin mai sunan. Kakar da ta rasa ɗanta takan ja wannan jika a jiki fiye da sauran. A nan an sami mazaunin da ake ciyarwa ana tufatarwa, amma mai rai ne.

Hanya ta biyu ita ce sadaka. Matan gida kan daka gumba, su toya waina ko ƙosai, a raba wa yara da almajirai a ranar uku da bakwai da arba'in, wasu kuma duk daren Juma'a ko cikin azumi. Malamai sun yi saɓani a kan ƙayyade waɗannan ranaku, musamman bayan kafa ƙungiyar Izala a 1978, kuma gidaje da yawa sun bar su. Amma sadakar kanta ba a bar ta ba, sai ma ta ɗauki wasu siffofi: haƙa rijiya, ajiye randar ruwa a ƙofar gida, kai tabarmi da butoci masallaci, sayen Alƙur'ani a ajiye domin ladan ya isa ga mamaci. Idan aka dubi uwar tagwayen Yarbawa da ke dafa wake ta raba wa yaran unguwa, aka dubi Bahaushiyar da ke toya waina domin ƙaninta, za a ga aikin hannun iri ɗaya ne, niyya da aƙida ne suka bambanta. Ta farko tana ciyar da mamacin ne domin ya zauna lafiya da masu rai, ta biyu tana ciyar da mabuƙata ne tana roƙon Allah ya kai lada kabarinsa.

Hanya ta uku ita ce riƙon marayu. Wa ko ƙane kan ɗauki 'ya'yan mamaci ya haɗa da nasa, wani lokaci ya auri matar bayan ta fita takaba domin kada yaran su watse. Wannan ita ce hidima mafi tsawo da mafi nauyi, kuma a kanta ake auna ko mutum ya riƙe zumuncin ɗan'uwansa.

4.3 Marsiyya a Matsayin Aikin Hannu

Hanya ta huɗu ta masu ilimi ce. Adabin Larabci da malaman ƙasar Hausa suka gada yana da tsohuwar al'adar yi wa ɗan'uwa marsiyya, kuma Khansa'u, wadda ta yi wa ɗan'uwanta Sakhru, ita ce fitacciya a wannan fage. A ƙasar Hausa, misali mafi bayyana shi ne Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo (1793-1864). Ita kanta 'yar tagwaye ce. Abokin tagwaicinta Hassan ne, amma Shehu bai sa mata sunan da al'ada ta tanada ba, ya kira ta Asma'u. Hassan ya riga ta rasuwa da shekaru masu yawa. Lokacin da yayanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rasu a Wurno a 1837, ta yi masa marsiyya, ta kuma tsara wata waƙar Fulatanci, Gikku Bello, a kan halayensa. Ta yi wa ɗan'uwanta Buhari da 'yar'uwarta Faɗima nasu marsiyyoyin.

Abubuwa biyu ne suka haɗa waɗannan waƙoƙi da batun wannan maƙala. Na farko, kamar yadda masassaƙi bai damu da kamannin yaro ba, marsiyyar ma ba ta tsaya a kan siffar jiki ba. Halaye take zayyanawa: ilimi da adalci da kyauta da tsoron Allah da kula da dangi. Mutumin da ya kamata a yi koyi da shi take fitarwa. Na biyu, waƙar abu ce da aka yi da hannu: an dafa tawada, an feƙe alƙalami, an rubuta a takarda, an adana a gafaka. Ba ta rayuwa sai an kwafe ta an sake kwafewa, an haddace an rera. Takardar da ta yi baƙi a gefe saboda yawan buɗawa 'yar'uwar shafaffiyar fuskar ere ibeji ce.

5.0 Sakamakon Bincike

Nazarin ya fito da abubuwa huɗu. Na ɗaya, a al'ummun biyu ba a neman kamannin mamaci, matsayinsa ko halinsa ake adanawa. Na biyu, abin tunawar yana iya sauyawa, daga itace zuwa roba zuwa hoto, ko daga gumba zuwa rijiya, muddin hidimar tana nan. Na uku, mata ne ke ɗauke da mafi yawan wannan aiki na yau da kullum, ko da yake sunan masassaƙi ko na malami ne ya fi fitowa a rubuce. Na huɗu, Yarbawa sun keɓe wa rashin abokin tagwaici tsari na musamman, Hausawa kuwa sun shigar da rashin kowane ɗan'uwa cikin tsarin sadaka da zumunci na gaba ɗaya. Amfanin hanyar Hausawa shi ne ta game kowa, kuma mai rai ne ke cin moriyarta. Rauninta shi ne ba ta ba ɗan'uwan mamaci wani lokaci ko wuri da zai nuna nasa raɗaɗin ba, musamman yaro ƙarami, wanda akan ce masa ya yi haƙuri kawai.

6.0 Kammalawa

Maƙalar ta bi ere ibeji tun daga dalilin samuwarsa har zuwa sauye-sauyen da ya fuskanta, ta nuna cewa ƙarfinsa yana cikin hidimar da ake yi masa. Da wannan ma'auni aka dubi al'adar Hausawa, aka tarar da mayar da suna da sadaka da riƙon marayu da marsiyya suna yin aikin da sassaƙe ke yi a wani wuri, a cikin iyakar da Musulunci ya shata. Akwai buƙatar masu nazarin al'adun Hausawa su shiga gidaje su tattara bayanai daga bakin tagwayen da suka rasa abokan haihuwarsu da kuma iyayensu mata: me aka yi da kayan mamacin, me aka gaya wa wanda ya rayu, da wane suna aka ci gaba da kiran sa. Haka nan marsiyyoyin 'yan'uwa da ke cikin rubutun ajami a hannun iyalai sun cancanci a tattara su a yi musu nazari na kansu, kafin gara da damina su riga manazarta isa gare su.